ƁOYAYYEN HASKEN RANA DA RAYUWAR SHUKA



Gabatarwa

Abin da za mu tattauna a kansa yau shi ne wani sashe na hasken rana wanda idon ɗan Adam ba ya iya gani, da irin tasirin da yake yi ga girman shuka da kuma yadda ganye yake haɗa abinci. Domin kada maganar ta tsaya a cikin littafi, za mu riƙa auna ta da gonakin Ruwan Bago, a ƙasar Rogo, da maƙwabtanta na ƙasar Karaye, can yammacin Jihar Kano kusa da iyakar jihohin Kaduna da Katsina. A wannan yanki ana noman dawa da masara da gero da wake da gyaɗa da damina, ana noman rake a fadamu, kuma ana noman rani na tumatir da tattasai da albasa, musamman tun da aka gama madatsar ruwa ta Challawa a Karaye cikin 1992. Abin da nake so mu fahimta a ƙarshe shi ne, wannan haske ba ya cikin abin da shuka take ci, amma yana iya yi mata rauni, yana kuma horar da ita. Shukar da ta tashi a cikinsa ta kan shirya masa, wadda ya yi wa ba-zata kuwa ita ce take shan wuya.

Kashe-kashen hasken rana

Duk wanda ya dubi bakan gizo ya ga cewa farin hasken rana a haɗe yake da launuka da yawa, tun daga ja a gefe ɗaya har zuwa shunayya a ɗaya gefen. Abin da ya bambanta launukan nan shi ne tsawon zangonsu, wanda ake aunawa da nanomita, watau abin da za a samu in aka raba milimita ɗaya gida miliyan. Idonmu yana ganin hasken da zangonsa ya kama daga nanomita 400 zuwa 700. Cikin 1801 wani masani Bajamushe, Johann Ritter, ya jiƙa takarda da gishirin azurfa, ya shimfiɗa ta inda launukan suka faɗo, sai ya ga ta fi saurin yin baƙi a can bayan shunayya, inda ido ba ya ganin komai. Ta haka aka gane akwai wani haske a wurin. Masana suna kiransa altarabayolet, watau abin da ya zarce shunayya, mu kuwa a wannan lacca za mu kira shi ɓoyayyen haske.

An raba shi kashi uku. Kashin A ya kama daga nanomita 315 zuwa 400, kashin B daga 280 zuwa 315, kashin C kuwa daga 100 zuwa 280. Ƙa'idar ita ce, gwargwadon gajartar zango gwargwadon kaifin haske. Kashin C, wanda ya fi kowanne kaifi har ana kashe ƙwayoyin cuta da fitilarsa a asibitoci, ba ya isowa ƙasa sam, domin akwai wata iska da ake kira ozon wadda ta yi wa duniya rumfa, akasarinta tsakanin kilomita 15 da 35 a sama. Wannan rumfa ta kan tare kashin C duka, ta tare mafi yawan kashin B, ta bar kashin A ya wuce. Saboda haka ɓoyayyen haske duka bai wuce kimanin kashi 5 cikin 100 na ƙarfin ranar da ke sauka a gona ba, kuma kashin B bai kai ko rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Amma duk da ƙanƙantarsa, shi ne masana suka fi damuwa da shi, domin allura ce cikin ruwa, ƙarama mai huda.

Rabon ƙasarmu daga wannan haske

Ruwan Bago tana wajen digiri goma sha ɗaya da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu. Saboda haka sau biyu a shekara, wajen 20 ga Afrilu da wajen 23 ga Agusta, rana ta kan tsaya daidai bisa kai da tsakar rana, har inuwar mutum ta koma ƙarƙashin ƙafafunsa. Sa'ad da rana ta tsaya haka, haskenta ya kan ratso iska ta gajeriyar hanya, ba ya rasa ƙarfi da yawa. Bugu da ƙari, rumfar ozon tun asali ta fi rashin kauri a kan ƙasashe masu zafi bisa ga yadda take a kan Turai. Waɗannan dalilai biyu su suka sa gonakinmu suke cikin wuraren da ɓoyayyen haske ya fi yawa a duniya.

Sai dai yawansa ya kan sauya da lokaci. Da hunturu rana ta kan karkata kudu, kuma hazon da iska take kwasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi ya kan tare wani sashe nasa. Da tsakiyar damina gizagizai masu kauri su kan rage shi. Lokacin da ya fi kaifi shi ne ranakun da sama ta yi wasai, ruwa ya wanke ƙura, rana kuma tana bisa kai. Ya kamata a lura cewa zafi daban, ɓoyayyen haske daban. Fata tana jin zafi, amma ba ta jin wannan haske sa'ad da yake sauka, don haka ana iya samun rana mai sanyin iska wadda yake da ƙarfi ƙwarai a cikinta.

Yadda ganye yake girki

Kafin mu ga inda raunin yake faɗawa, sai mu tuna da aikin ganye. Cikin 1779 likita Jan Ingenhousz, mutumin Holan, ya nuna cewa koren ganye ba ya fitar da iskar da muke shaƙa mu rayu, watau oksijin, sai a cikin haske. Wannan aiki shi ake kira fotosintasis, mu kuma mu ce girkin ganye. Kayan girkin su ne ruwan da saiwa ta tsotso, da iskar kabon da take shiga ta ƙananan ƙofofin da ke jikin ganye. Wutar girkin kuwa hasken da ido yake gani ne, musamman ja da shuɗi, waɗanda sinadarin kore na ganye, kulorofil, yake kamawa. Abin da aka girka shi ne sukari, wanda daga baya yake zama tsabar dawa, da zaƙin rake, da garin rogo.

Girkin yana da matakai biyu. A mataki na farko ana amfani da ƙarfin haske a fasa ruwa, a wani ɗan ƙaramin wuri mai ɗauke da ƙwayoyin ƙarfen manganis guda huɗu. A mataki na biyu wani furotin mai suna rubisko ya kan kama iskar kabon ya shigar da ita hanyar da za ta zama sukari. Dawa da gero da masara da rake suna da wata dabara ta ƙari, wadda Hatch da Slack suka bayyana a Ostareliya cikin 1966, ta tara iskar kabon kusa da rubisko, abin da ya sa suke jure rana mai ƙarfi da zafi fiye da wake da gyaɗa da tumatir da shinkafa. A duk matakan nan rabon ɓoyayyen haske wajen hura wutar girki kaɗan ne ƙwarai, kashin B kuwa ba shi da rabo.

Inda raunin yake faɗawa

In kashin B ya sami shiga cikin ganye, wurare uku ya fi yi wa ɓarna. Na farko shi ne wurin fasa ruwa, domin ƙwayoyin manganis ɗin nan da furotin da ke riƙe da su suna saurin lalacewa, kuma in sun lalace girki ya tsaya tun daga tushe. Na biyu shi ne rubisko, wanda yawansa ya kan ragu. Na uku shi ne ƙwayar gado, watau DNA, wadda take ɗauke da umarnin yadda kowace ƙwayar halitta za ta rabu ta girma. Hasken ya kan manne haruffa biyu na wannan umarni da suke kusa da juna, sai karatunsa ya cije, kamar yadda shafi biyu na littafi suke mannewa in ruwa ya taɓa su. Alamun da ake gani a waje su ne ganye ya yi fari ko ruwan tagulla, ya nannaɗe, ya ƙi faɗi, shuka kuma ta tsumbure.

To, in haka ne, me ya sa dawa take kai tsawon mutum biyu a ƙasar Rogo, a ƙarƙashin wannan rana? Amsar ita ce shuka tana ganin wannan haske, tana kuma ɗaukar mataki.

Garkuwar shuka

Cikin 2011 wata ƙungiyar masana ƙarƙashin Roman Ulm, na Jami'ar Janeba, ta tabbatar da cewa wani furotin mai suna UVR8 shi ne idon da shuka take ganin kashin B da shi. A inuwa furotin ɗin ya kan zauna biyu-biyu a manne. Da zarar kashin B ya taɓa shi sai su rabu, rabuwar kuwa ita ce saƙon da yake tayar da ɗaruruwan umarni a cikin ƙwayar gado. Umarni mafi muhimmanci shi ne a ƙera wasu sinadarai da ake kira filabonoyid, a jera su a fatar ganye ta sama. Waɗannan sinadarai su kan tsotse ɓoyayyen haske, su bar hasken girki ya wuce. A yawancin shuke-shuken da suka tashi a fili, fatar ganye ta kan tare fiye da kashi 90 cikin 100 na kashin B.

Dangin waɗannan sinadarai ba baƙi ba ne a wurinmu. Jan launin zoɓo, da launin ɓawon albasa, da jan da dukawa suke samu daga karan dafi su rina fata, duk daga gida ɗaya suka fito. Har ila yau, binciken da Paul Barnes da abokan aikinsa suka buga cikin 2016 ya nuna cewa kuɓewa ta kan ƙara kaurin wannan garkuwa yayin da rana take ɗagawa, ta rage shi da yamma, duk a cikin yini guda. Farin garin nan da yake shafar hannu in an kama ɗanyen karan dawa kuwa kaki ne, yana mayar da wani sashe na haske, yana kuma rage fitar ruwa. Wake da gyaɗa su kan karkata ganyensu su ba rana gefe da tsakar rana in ƙasa ta bushe, masara kuma ta naɗe nata. Ƙishirwa da zafi ne suke sa su yin haka, amma yin hakan yana rage duk hasken da yake faɗa musu.

Bayan garkuwa akwai gyara. Shuka tana da wani furotin, fotolayes, mai bin ƙwayar gado yana raba haruffan da suka manne, kuma ƙarfin da yake aiki da shi daga shuɗin haske da kashin A yake samo shi. Watau ranar da ta kawo ciwon ita ce take kawo maganin. Bayyana yadda wannan gyara yake gudana yana cikin ayyukan Aziz Sancar, ɗan asalin Turkiyya, wanda ya sami kyautar Nobel cikin 2015 saboda bincikensa a kan gyaran ƙwayar gado.

Abin da gwajin gona ya nuna

Gwaje-gwajen farko na shekarun 1970 da 1980 sun tsorata mutane, domin an yi yawancinsu a ɗaki, inda aka haska wa shuka fitilar kashin B mai ƙarfi alhali hasken girki kaɗan ne, ta rasa abin da za ta ƙera garkuwa ko ta yi gyara da shi. Da aka fita fili sai lissafi ya sauya. Alan Teramura da abokansa a Jami'ar Maryland sun yi shekara shida suna gwada waken suya, suna ƙara masa kashin B daidai da abin da zai sauko in ozon ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. Wani iri ya rasa kimanin kashi 20 cikin 100 na amfaninsa, wani iri kuwa amfaninsa ƙaruwa ya yi. Sun kuma lura cewa a shekarar fari tasirin hasken ya kan ɓace, domin ƙishirwa ta riga ta danne shukar. Cikin 2001 Searles da Flint da Caldwell suka tattara sakamakon gwaje-gwajen fili masu yawa, suka ga cewa ƙarin kashin B ya kan ƙara sinadaran garkuwa, ya ɗan rage tsawon shuka da faɗin ganye, amma bai cika taɓa saurin girkin ganye ba.

Darasi biyu ne a nan. Na farko, juriya ta danganta ga iri, don haka aikin masu tace iri, irin na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da reshen IITA na Kano, yana da muhimmanci, tun da a ƙarƙashin ranarmu suke zaɓen irinsu. Na biyu, gajartar da wannan haske yake sa wa shuka ba kullum ne take zama hasara ba. Shuka mai gajeren gaɓa da kaurin ganye ta fi jure iska da dashe. Binciken Carlos Ballaré a Ajantina ya kuma nuna cewa waken suyan da aka tare wa kashin B ƙwari sun fi cinsa, domin sinadaran garkuwar suna rage wa ƙwari daɗin ganyen.

Abin da ya shafi manomi da malamin gona

Dawa da gero da masara da aka shuka a fili suna fara horo tun ranar da suka tsaga ƙasa, saboda haka ba su ne abin damuwa ba. Ganyen da ya ƙone da bazara ko lokacin da ruwa ya ɗauke, galibi zafi ne da ƙishirwa, maganinsa kuwa ruwa ne da taki da rufe ƙasa da ciyawa. Inda ɓoyayyen haske yake yin ɓarna a zahiri shi ne wajen dashe. Irin tumatir ko tattasai da aka rena a ƙarƙashin rumfa mai duhu, ko a cikin ɗakin leda, bai ƙera garkuwa ba, domin idonsa bai ga abin da zai sa ya ƙera ta ba. In aka cire shi yau aka dasa a fili gobe, sai ganyen ya yi fari ya bushe cikin kwana biyu ko uku, manomi ya zaci cuta ce ya je ya sayo magani. Hanyar kauce wa wannan ita ce a riƙa rage rumfar kaɗan-kaɗan har mako ɗaya ko kwana goma kafin dashe, a kuma yi dashen da yamma, kamar yadda tsofaffin masu lambu suka saba. Wannan ƙa'ida ta shafi ma'aikatan gandun daji masu renon darbejiya da mangwaro domin rabawa jama'a.

Haka kuma 'ya'yan tumatir da tattasai da suka girma a inuwar ganye su kan yi farin tabo a gefen da rana ta buga in cuta ko yawan sassabe ya zubar da ganyen. Zafi da hasken da ake gani su ne kan gaba a wannan, ɓoyayyen haske yana taimaka musu, kuma kiyaye lafiyar ganye shi ne rigakafi. Masu son kafa ɗakin leda kuwa su sani cewa akwai ledar da take tare ɓoyayyen haske. An nuna a Isra'ila cikin shekarun 1990 cewa irin wannan leda tana rage farin ƙuda da cututtukan da yake yaɗawa, domin da wannan haske yake gane hanya. Amma ƙudan zuma ma da shi suke gane hanya, kuma jan latas ba ya yin ja sosai a ƙarƙashinta. Don haka sai a dubi abin da za a shuka kafin a zaɓi leda.

Rumfar ozon da aikin hukuma

Duk juriyar da muka bayyana ta dogara ne ga rumfar ozon. Cikin 1974 Mario Molina da Sherwood Rowland suka yi gargaɗi cewa iskar CFC, da ake sa wa firiji da na'urar sanyaya ɗaki da gwangwanin feshi a wancan lokaci, tana hawa sama tana cinye ozon. Cikin 1985 masanan Ingila suka ba da labarin wagegen giɓi a kan ƙuryar kudancin duniya. Cikin 1987 aka ƙulla yarjejeniyar Montreal, Nijeriya kuma ta shiga cikin 1988. An sa wa ƙasashe masu tasowa wa'adin daina CFC a 2010, da daina metil buromaid, maganin da a da ake turara wa hatsi da ƙasar lambu, a 2015. Rahoton masana na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka fitar a farkon 2023 ya ce rumfar za ta koma yadda take a 1980 wajen shekarar 2040 a yawancin duniya, a kan ƙuryar kudu kuwa sai wajen 2066.

A kan ƙasashe masu zafi raguwar ba ta yi yawa ba, amma da an bar CFC ta ci gaba da taruwa da ta iso mu, mu da tun farko muke karɓar kaso mafi tsoka. Paul Young da abokansa na Jami'ar Lancaster sun ƙiyasta cikin 2021 cewa da ba a yi yarjejeniyar ba, raunin da tsirrai za su yi zai rage iskar kabon da suke sha, har zafin duniya ya ƙaru da kimanin digiri 0.8 a ƙarshen wannan ƙarni, ban da zafin da ita CFC ɗin kanta take haifarwa. Kuma aikin bai ƙare ba. Cikin 2018 aka gano ana sake fitar da wani nau'in CFC a ɓoye, aka bi sawu har gabashin ƙasar Sin, aka toshe. Ashe ma'aikacin kwastan da yake duba tsofaffin firiji da tukwanen iskar sanyi a kan iyaka, da jami'in muhalli da yake horar da masu gyaran firiji, suna da hannu a cikin amfanin gonar Ruwan Bago, ko da ba su taɓa zuwa garin ba.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa ɓoyayyen haske yana iya lalata wurin fasa ruwa da rubisko da ƙwayar gado, amma shuka tana ganinsa, tana ƙera garkuwa, tana kuma gyara abin da ya ɓaci, muddin an ba ta lokaci. Ga ɗalibanmu akwai aikin da za a iya yi ba da tsada ba. A yi fangali biyu na irin tumatir ɗaya, a rufe ɗaya da ledar da take tare wannan haske, ɗayan da wadda take barinsa ya wuce, a auna tsawo da faɗin ganye da yawan ƙwari kowane mako, sa'an nan a dasa su a fili a ƙirga waɗanda suka rayu. In aka maimaita wannan da irin wake da dawa na gida da manoman Karaye da Rogo suke ajiyewa, za a sami lissafin da malamin gona zai iya kai wa manomi da harshensa.